Gidan Baturen da Na Rantse Masallaci Ne

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka kai Auwalu makwancinsa a nan Alƙahira. Har yau in na bi ta layin masu littattafai a unguwar Darrasa, ƙamshin tsohuwar takarda ya bugi hancina, sai in waiga kamar zan gan shi tsugune gaban kwali yana tone-tone. Na daɗe ina so in rubuta wani abu a kansa. Abin da ke hana ni shi ne, babu yadda za a ba da labarin Auwalu ba tare da an tona mini asiri ba. Bana dai dalili ya zo, ni kuma shekaru sun rage mini kunya.

Jirgi ɗaya ya kawo mu Masar karatun addini, ɗaki ɗaya aka ba mu. Ni ne mai baki a cikinmu. Tun ban gama shekarar farko ba ɗalibai suka laƙaba mini Ustaz, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu, don a lokacin babu mas'alar da za a kawo in ce ban sani ba. Auwalu shiru-shiru ne. Ɗan magini ne daga wani gari da ake kira Tsaunin Gawo, kuma ginin ya bi shi har aji. Malami na bayanin nahawu, shi yana kallon rufin ɗaki. In muka shiga tsohon masallaci, kafin ya tayar da salla sai ya shafa bango ya ji kaurinsa. Na sha ce masa zaman da yake yi a Masar asarar gurbin karatu ne, sai ya yi murmushi ya ce, "To Ustaz, kai ka karanta mana."

A shekararmu ta uku wasiƙa ta zo masa daga gida. Lokacin babu wayar hannu, takarda ce ake ba matafiyi. Mahaifinsa, Malam Tanko, ya sa an rubuta masa cewa masallacin Juma'ar garinsu ya yi wa jama'a kaɗan. Masallacin ƙasa ne, kakan Auwalu ya gina shi da hannunsa, da bakan gizo guda shida da tulluwa a tsakiya, kuma gidansu ke yi masa yaɓe duk shekara. Wani ɗan kwangila daga birni ya kawo wa kwamitin masallaci takardar zane, ya ce a rushe tsohon a ɗora na siminti a wurin. Malam Tanko ya yi magana, aka ce masa ina tasa takardar? Shi kuwa gininsa a ka yake. Saboda haka ya ce wa ɗansa, tunda yana garin masallatai, ya aiko da zane daga Masar wanda zai nuna wata hanya. In bai iso ba kafin ƙarshen damina, za a sa wa masallacin diga.

Na ga Auwalu ya karanta wasiƙar nan sau uku, ya ninke ta, ya kasa cin abinci. Ɗalibin fiƙihu, ina zai samo zanen gini? Kwana biyar muna yawo a shagunan Darrasa. A na shida, a shagon wani tsoho mai sayar da tarkacen da aka kwaso daga gidajen mamata, Auwalu ya zaro wata babbar jakar kwali da aka ɗaure da kirtani. Takardu tara ne a ciki, manya-manya, sun yi ja don tsufa. Muka shimfiɗa ta ƙarshe a ƙasa, sai ga wani gini da ya sa na yi kabbara. Ƙubba ce a tsakiya, ginshiƙai a jere, dogayen ɓangarori biyu dama da hagu, kowanne da 'yar hasumiya a ƙarshensa. Akwai rubutun Turanci a jiki, amma irin mai lanƙwasa ne kuma ya koɗe, mu kuwa 'yan makarantar Larabci, Turancinmu bai wuce na gaisuwa ba.

Nan fa Ustaz ya shiga aiki. Na ce masallaci ne, kuma na kafa hujja. Ga ƙubba, ga hasumiya. Kwarmin ruwan da ke farfajiya na ce wurin alwala ne. Wani wuri da bango ya yi ciki ya zagaya a bayan ginin na ɗora yatsa na ce ga mihrabi. Akwai wasu ƙananan ɗakuna a jere can gefe, guda ashirin da wani abu, na ce waɗannan na masu i'itikafi ne, har na yaba wa mai zanen da sanin sunna. Auwalu ya ce shi abin da ya dame shi, ɗakuna sun yi yawa a inda ya kamata sahu ya miƙe. Na ce masa makaranta ce haɗe da masallaci, irin na mutanen da. Da ya ƙara musu sai na rantse. Ya haƙura, domin bai saba ganin na rantse a kan abin da ban sani ba, ko kuwa bai taɓa kama ni ba. Muka yanke shawara a aika, a gina wannan a gefe a bar tsohon.

Allah ya rufa mana asiri da rowar Auwalu. Ya ce ba zai rabu da takardun ba, kwafi za a aika. Muka shiga motar haya zuwa Wustul Balad, tsakiyar birni, inda aka kwatanta mana shagon wani dattijo mai suna Usta Fahmi, wanda ya yi shekara arba'in yana yi wa injiniyoyi zane. Ya saka tabarau, ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye mu me za mu yi da su. Na gyara murya na yi masa bayani da Larabcin littafi, har da i'itikafi. Dattijon nan ya cire tabarau ya kifa kai a tebur. Na ɗauka ciwo ne ya taso masa, ashe dariya ce ta hana shi numfashi.

"Ya Shaikh," ya ce da ni yana share hawaye, "wannan gidan wani attajirin Ingila ne a ƙauye. Mutum ɗaya da iyalinsa. Mihrabinka nan ne uwargida ke zama ta sha shayi tana kallon lambu. Masu i'itikafinka dawaki ne. Ƙarƙashin sahunka na farko kuwa, ma'alish, ka yi haƙuri, rumbun giya ne."

Ya ƙara da cewa in aka ce za a gina shi, sai ya haɗiye garin su Auwalu da kasuwarsa. Ban taɓa jin ƙasa ta ƙi tsagewa irin ta ranar ba. Ka duba, da takardar nan ta isa Tsaunin Gawo da sunan masallacin Masar, wani ɗan boko ya karanta ta a gaban kwamiti, da Malam Tanko ya gama fita cikin mutane, masallacin kuma ya tafi.

Usta Fahmi ya kawo mana shayi don ya wanke dariyarsa, ya yi mana bayani. Ya ce ba na asali ba ne, kwafi ne da wani ɗalibin gini ya yi da hannu, wataƙila wani injiniyan Bature ya zo da su zamanin da suke ƙasar nan ya tafi ya bari. Ginin kuwa na wajen shekara ɗari uku ne, salon da suke kira barok, wanda ake yi don duk wanda ya hango daga nesa ya san mai gidan ya isa. Ya ce darajarsu ita ce zanen farko-farko ne, tun mai zanen yana lalube. Ya jera mana su bisa lamba. A ta farko babu ƙubba sam. A ta uku ɓangarorin gajeru ne. Sai a ta biyar ƙubbar ta ɓullo, da fensir, an goge an sake har takarda ta yi laushi a wurin.

Ni dai shayina nake sha ina neman hanyar fita. Auwalu kuwa ya manne wa takarda ta farko. Ya nuna wani ɗan murabba'i mai kaurin bango a tsakiyar zanen, wanda aka cike da baƙar tawada, alhali sauran layukan duk ja ne. Ya ce, "Ya Usta, wannan baƙin fa?" Dattijon ya ce ai ƙa'idar sana'ar ke nan, baƙi shi ne ginin da aka tarar, ja shi ne wanda za a ƙara. Tsohon gidan kakannin attajirin ne. Ya nuna masa yadda a takarda ta biyu mai zanen ya soke shi da layi biyu, yana nufin a rushe, a ta uku kuma ya dawo da shi, ya sa sabon ginin ya rungume shi ta gefe uku. Daga nan har ta tara baƙin nan bai sake motsawa ba.

 Auwalu ya ɗago ya ce, "Koya mini." Usta Fahmi ya ce shekara nawa zai ba koyon. Ya ce mako bakwai. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya ture masa rula da fensir, ya ce, "Yalla, mu fara."

Abin da ya biyo baya ina cikin waɗanda suka gani da ido. Babu awon masallacin a hannunsu, babu hoto. Amma Auwalu tun yana ɗan shekara bakwai yake bin mahaifinsa yaɓen masallacin nan, jikinsa ya haddace shi. Suka hau saman benen da shagon yake da hantsi, tsakanin igiyoyin shanya, Auwalu ya lumshe ido ya taka daga ƙofar kudu zuwa ginshiƙin farko, ya tsaya, ya ce nan. Usta Fahmi na binsa da alli da awo yana mayar da taki zuwa mita. Kaurin bango ya auna da kamu. Tsayin baka ya ce in ya hau kafaɗar ƙaninsa yatsansa na taɓa shi. Matan benen suka fito suna kallon baƙin ɗalibi yana yawo ido rufe, wata ta tambaye ni ko aljanu ake cire masa.

Auwalu ya yi zane ya ɓata, ya yi ya ɓata. Ranar da ya fusata ya kama wata takarda zai yaga, Usta Fahmi ya buge masa hannu da rula. Ya ce a shagonsa ba a yaga zanen da aka ƙi, lamba ake sa masa a ajiye, ba don haka ba da shi Auwalun bai ga abin da ya gani a jakar Baturen ba. Ni kuma a ɗaki ba na barinsa ya sarara. Jarrabawa ta matso, ina yi masa wa'azi a kan wanda ya bar farilla ya kama nafila. Ya faɗi darasi biyu a shekarar, sai da ya maimaita aji. Na ce masa ai na faɗa. Wannan ita ce fatawa ɗaya tilo da na ba shi ta zama daidai, kuma ita ce na fi nadama.

Ana saura kwana kaɗan wa'adi ya cika, wani ɗalibi mai komawa gida ya tafi da takarda guda a cikin bututun kwali. Masallacin kakansa na tsakiya da baƙar tawada, bangon alƙibla da mihrabinsa ba a taɓa su ba. Ta kudu da arewa da yamma jan layi ya zagaye shi, rumfunan siminti masu ɗaukar ninki uku na jama'ar da. An buɗe ƙofofi a tsohon bango yadda sahu zai miƙe daga ciki har waje.

Wata biyu muna jira. Da amsa ta zo, Auwalu ya kasa buɗewa, ni na karanta. An shimfiɗa takardar a gaban kwamiti, kuma abin da ya ci nasara shi ne ko wanda bai san bihim ba ya gane ta. Liman ya ɗora yatsa a kan baƙin ya ce wannan ai namu ne, ya bi jan da yatsa ya ce wannan kuma na 'ya'yanmu, to rigimar me ake yi? Aka ba ɗan kwangila siminti, aka bar wa Malam Tanko ƙasa. Auwalu ya yi sujada a tsakar ɗaki. Ni kuwa na fita baranda na ƙwala ihu da Hausa har maƙwabta suka leƙo. Ban taɓa yin farin ciki da nasarar wani kamar ta ranar ba, ko tawa ban yi wa haka ba.

Auwalu bai koma gida da zama ba. Ya lallaɓa ya gama digirinsa, ya zauna a shagon Usta Fahmi, da tsohon ya rasu ya ci gaba da riƙe teburin. Ya auri Safiya, Bahaushiyar Sudan da ke unguwar Ard al-Liwa a nan Alƙahira, suka haifi 'ya ɗaya, Rahma. Sau biyu ya je ya yi salla a masallacin da ya zana. Bai yi suna ba, bai tara komai ba, zanen bandaki da matakala na gidajen mutane ya ci abinci da shi har ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke shi Rahma na da shekara goma.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Alƙahirar yau. An tafi cikin hamada an dasa dogayen benaye na gilashi, gadoji sun bi ta kan unguwannin da muka sani, shagon Usta Fahmi ya koma wurin sayar da rigunan waya. Ni raina ɓaci yake yi, kuma ba na ɓoyewa. Amma in zan yi adalci, Auwalu ba maƙiyin sabo ba ne kamar ni. Shi da ya zana rumfunan siminti da hannunsa? Ina jin zai tsaya gindin benen gilashin nan ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya yaba, sannan ya tambayi abin da ke wurin kafin a gina shi. Abin da na tabbata zai ba shi haushi shi ne na'ura. Rahma ta karanta zanen gine-gine a nan, bana ta gama, kuma na ga yadda take aiki. Ta ja layi, bai yi mata ba, ta danna, ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Ta ce mini, "Baffa, na'urar tana ajiyewa." Na ce to, amma ban ga inda takarda ta yi laushi ba.

Dalilin wannan rubutu ya faro ne watanni huɗu da suka wuce. Aka bugo wa Safiya waya daga Tsaunin Gawo. Gari ya ƙara cika, ranar Juma'a sahu har bakin titi, kuma tsohon bangon arewa ya tsage. Wani ɗan garin da Allah ya buɗa wa ya ce zai gina sabon masallaci tun daga tushe, da tayil da na'urar sanyi, a share wurin gaba ɗaya. Ba mugu ba ne, alheri ya nufa, kuma yawancin matasa na bayansa. Malam Tanko ya haura tamanin, idonsa ya tafi, waɗanda suka ga takardar farko saura mutum biyu. Da na ji, na ce khalas, wannan karon an gama. Kun dai san tarihina da fatawa.

Rahma kuwa aiki ta kama, halin ubanta. Ta sa uwarta ta sauko da akwatinsa daga saman kabad. A ciki ta tarar da zanen da ya yi a makonni bakwai ɗin nan, goma sha ɗaya, kowanne da lambarsa. Ni na san an aika ɗaya, ban taɓa tambayar sauran ba. A na huɗu, ashe, Auwalu ya zana wata babbar farfajiya ta yamma mai rumfuna zagaye, wadda za ta ɗauki jama'ar gari uku. A gefe ya rubuta da fensir cewa wannan ya fi ƙarfin garin yanzu. Har ya sa alamar inda bangon arewa zai iya tsagewa saboda indararo, da yadda za a tokare shi. Rahma ta ɗauki na huɗun ta sake shi da awon zamani, ta bar baƙi a baƙi, ja a ja, ta hau jirgi.

Ita ta ba ni labarin zaman da ta dawo, a falon uwarta, muna shan shayin Sudan mai kirfa. An taru a zauren liman. Wasu suka yi gunaguni da ganin yarinya, kakanta ya buga sandarsa ya ce da bakinsa take magana. Ta shimfiɗa tsohuwar takardar ubanta, ta huɗun, da sabuwar gefe da gefe. Attajirin garin ya yi tambayoyi masu kyau, ta amsa, ya nemi injiniyansa ya duba, injiniyan ya ce lissafin ya fita. Mutumin nan, Allah ya saka masa, ya ce shi masallaci yake so ya gina, ba rushewa ta dame shi ba. Za a yi farfajiyar da tayil ɗinsa da na'urar sanyinsa. Bangon arewa kuwa an riga an tokare shi, jikokin Malam Tanko maza suka kwaɓa ƙasar.

To me ya rage na Auwalu? Ba littafi, ba almajirai, ba allo mai sunansa a jikin bango. Ni da na fi shi maki a kowace jarrabawa ina da takardun shaida a jere, kuma ban san ko mutum ɗaya da ya tsira daga wani abu saboda su ba. Shi ya bar ɗaki guda na ƙasa mai baka shida a tsaye, inda kakansa ya sa goshi, sau biyu ana ɗaga wa ɗakin diga sau biyu yana sauke ta, na biyun yana kabari. Ya bar 'ya mai hannunsa. Na yi kewarsa ƙwarai, amma yau ba makoki nake yi ba. Alfahari nake yi, irin na wanda ya zauna ɗaki ɗaya da babban mutum yana yi masa faɗa.

Rahma ta ce da taro ya watse, kakanta ya ce a miƙo masa tsohuwar takardar. Ya ɗora ta a cinya yana bin ta da tafin hannu, yana jin inda fensir ya nutsa. Auwalu ɗan farinsa ne, kuma duk garin sun san tun ranar suna tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, ko a gaban idonsa ko a bayansa, ko ranar da aka kai masa labarin rasuwa. Yaron nan yake cewa, ko na Masar. Ya daɗe yana shafa takardar. Sannan ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji, ya ce, "Auwalu ya iya gini."

Allah ya jiƙanka, abokina. Ka ji dai da bakin wa aka faɗa.